Kiɗan Babana da Aka Yanke wa Kai

Babana makaɗin gangar noma ne. Da ya rasu, abin da ya rage mini na hannunsa kaset ɗaya ne, wanda wani malamin lakol, wato makarantar boko, ya ɗauka a gonar gayya tun ina yaro. Aji huɗu na yi aka koro ni, gangar ma ban zauna na koya ba. Amma kunne na gada.

Daminar da ƙafata ta kumbura na kira gayyar maimai. Garinmu ba sauran makaɗi, sai na ce a sa wa mutane kiɗan tsoho a lasifika. Wurin da ke fita da kyau a kaset ɗin gajere ne, sauran duk iska ce da hayaniya. Mijin ƙanwata yana da shago a Gazawa, yana zuba wa mutane waƙoƙi a salula. Ya ce aikin minti biyar ne, zai kwashe kiɗan cikin ordinatar, wato kwamfuta, ya sa ya riƙa zagayowa ba tsayawa.

Ranar kasuwa na hau kabu-kabu na kai masa. Na zauna na yi masa bayani dalla-dalla. Kiɗan babana yana da kai, yana da jiki. Kan shi ne kira: bugu uku a hankali, sai ɗan shiru, manoma su jera su ɗaga hauya. Sau ɗaya ake yin sa. Sannan jiki, wanda ake maimaitawa har a kai ƙarshen kunya. Kuma jikin ba daga babban bugu yake tashi ba. Akwai wani ɗan taɓi na yatsa kafinsa, shi ke gaya wa manomi ya sauke hauya. Na ce a fara daga kira, in an zagayo a riƙa dawowa kan taɓin.

Ina magana yana danna salula. Ya ce na'ura ba ta san wannan ba, inda ta fara nan take komawa. Ko dai kiran ya riƙa dawowa kowane zagaye, ko a jefar da shi. Ya nuna mini wani zane kamar haƙoran zarto a gilashin ordinatar, ya ce inda ya fi tsawo nan ne farko, kowa ya sani.

"Yaya, kai da ko gular ganga ba ka taɓa riƙewa ba, bar mu da aikinmu mana."

Na haɗiye don darajar ƙanwata. Na bar masa kaset na tafi neman maganin ƙafa. Wannan tafiyar ce har yau nake tsine wa.

Ranar gayya na rataya lasifika a reshen gawo na kunna abin da ya zuba mini a salula. Kiɗa ya faɗo wa mutane ba sallama. Ba kira, ba taɓi. Kowane zagaye sai ya yi tuntuɓe kamar jaki mai ɗingishi. Wannan yana ɗaga hauya, wancan yana saukewa. Aka fara dariya, wani ya ce ko makaɗin ma ƙafarsa ta kumbura. Wani dattijo, abokin babana, ya miƙe ya tako har gindin gawo.

"Ɗana, kashe abin nan. Ba hannunsa ba ne, kada ka ƙara ce wa mutane shi ne."

Aka gama maimai shiru.

Washegari na koma karɓar kaset. Ya ce rediyo ta tauna zaren, ya zuba a shara. Cikakken da ya kwashe kuma ya goge, wai ordinatar ta cika. Ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce ai ya bar mini wurin da ya fi daɗi.

Bara a Cadawa na zauna kusa da wani mai kiɗan piyano na biki, na ba shi labari. Ya fito da salularsa ya nuna mini alamomi biyu a kan irin zanen nan: ɗaya ta inda kiɗa zai fara, ɗaya ta inda zai riƙa komawa. Ya ja wannan nan da yatsa, ya ja waccan can, kowace da wurinta. Ya ce ko tsohuwar ordinatar tana yi, sai dai in mutum bai so ya duba ba. Ya ce in kawo asalin kaset ɗin, yanzun nan zai gyara mini.

Na ce masa babu.