Kujerun Aro a Gidan Baba Tela

"Daga ƙetare fa aka ce suka zo, a jirgi."

"Don su ba ni shinkafa? Ni da ko sunana ba su sani ba?"

"'Yan coci ne. Wai saboda Allah suke yi."

"To, matalautan garinsu sun ƙare ne?"

A bakin shagon Baba Tela ake wannan hira, shi kuwa yana ciki yana taka keke, ko ɗagowa bai yi ba. Tambayar ƙarshen ma daga bakinsa ta fara fita da safe, kafin azahar ta zama ta kowa.

Baba Tela a kan keken ɗinki ya tsufa. Da can sai da layi ake samun ɗinkinsa; yanzu gwanjo ya cika kasuwa, abin da ya rage masa facin wando ne da canjin zif. Ido ya yi rauni, matarsa Inna ke zura masa zare a allura. Ga jikokin da 'yarsu ta rasu ta bari. Amma ba wanda ya taɓa ganin rigarsa a yamutse. Ko bai karya ba, sai ya hura gawayi ya goge ta. Shi ya sa maƙwabta ba su san Inna ta daɗe da sayar da kwanukanta ba.

Baƙin ba a fili suke rabo ba. Gida-gida suke bi su duba, daga baya mota ta kawo buhu. Wannan ne ya fi tsaya wa Baba a rai. Ya ce wanda zai leƙa ɗakinka kafin ya ba ka abinci akwai abin da yake nema: ko hoto, ko yara, ko addini. Inna ta ce su leƙa mana, ɓeran gidan ma ya yi ƙaura tuni.

Ya yarda, amma ya ce baƙo baƙo ne, ba za a zaunar da shi a tsohuwar tabarma ba. Ya aro kujerun kushin daga gidan mai kanti, ya rataya yadin da wani ya kawo ɗinki a matsayin labule, aka wanke yara aka shafa musu mai.

Wata dattijuwa mai furfura daga cikin baƙin ta shigo, da wani dogo mai kyamara, sai nas ɗin asibitin unguwa tana yi musu tafinta. Dattijuwar ta tambaya ko suna samun abinci kullum. Baba ya ce sun gode Allah. Ta sake tambaya, ya ce ai ba su da abin cewa sai godiya. Idonsa na kan dogon, yana jira ya ga ko zai matsa kusa da yaran. Ita kuwa idonta na kan kujeru. Ta shafa kushin, ta dubi gogaggiyar rigarsa, ta yi wa dogon raɗa, suka miƙe.

Washegari mota ta wuce ƙofarsa, ta tsaya gidan wani bakanike, wanda ya tarbe su jiya da yagaggiyar singileti.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko tukunya wankakkiya ta ajiye masa a kan keke, ta koma ciki.

Baba ya fita, a bayan motar ya samu nas ɗin. Ta ce masa a layin baya an yaudare su, an karɓi buhu an kai kasuwa, shi ya sa yanzu duk gidan da suka ga kushin sai su ja baya. Ya tambaye ta me suke karɓa a madadin buhun. Ta ce ba komai, Baba.

"Ba komai ɗin nan ne ke hana ni sakin jiki," in ji shi.

Ya tsaya yana kallon buhunan suna raguwa. Dattijuwar ma ta hango shi, ta tsaya tana kallonsa. Ya gyara wuyan riga, ya sassauta murya.

"'Yata, ce mata ta dawo gidana, ta shiga har kicin ta buɗe duk abin da take so. Amma mai kyamarar nan ya tsaya a waje, kuma kada a taɓa mini yara."