Wane Bugu Ne Ya Fara?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ban ce uffan ba a shafin nan. Waɗanda suka turo saƙo ban amsa ba ku yi haƙuri, hannun da nake rubutu da shi ne ya ƙi aiki.

Haɗari muka yi da daminar bara, muna dawowa daga Tsafe zuwa Gusau. Mota uku. A gaba a-kori-kura ce ta ci birki saboda rami, a tsakiya motar hayarmu, a baya babbar motar wani kamfani ɗauke da siminti. Ina zaune gaba, kusa da direbanmu Malam Bala, mutumin Bungudu.

Kun san hanyar nan, ba mai son tsayuwa a kanta da yamma. Kafin jami'an kiyaye haɗura su iso har an ture motocin gefe, an kwashi wani da ya karye a bayan a-kori-kura, sauran fasinjoji kowa ya tari mota ya wuce. Ba hoto, ba awo, ba wanda ya karɓi lambar wani.

Ni ma na koma gida da ƙafata. Na ce lafiyata lau.

A cikin makon wuyana ya ƙi juyawa. Sai yatsun dama suka fara mutuwa. Ran da kofin shayi ya suɓuce mini, matata Hadiza ta ce, "Malam, ko ka tashi mu tafi asibiti, ko in kira yayanka."

Hoton ƙashi bai nuna komai ba. Aka tura ni Sakkwato, aka cusa ni cikin wata na'ura mai ƙara, aka ce kada in motsa. Likita ya ce, "Guringuntsin wuyanka ya goce, yana danne jijiya. In gashin ƙashi bai yi ba, sai aiki." Aiki a wuya. Na kasa tambayarsa ko ana tashi.

Kuɗin hoton na'urar nan kaɗai ya cinye tumakin Hadiza.

Aka ɗaura mini abin tallabe wuya, aka fara gashi, kullum layi, kullum a matsa a ja. Ina cikin wannan ne 'yan sanda suka kira ni da tambaya ɗaya: wane bugu na fara ji, na gaba ko na baya?

Wani lauya ɗan unguwarmu ya fayyace mini. Idan babbar mota ce ta tura mu kan a-kori-kura, inshorar kamfani za ta ɗauki jinyata da ta mai karaya. Idan Malam Bala ne ya fara bugun ta gaba, alhakin mai karaya na kansa, kuma motarsa da ke tsare ba za ta fito ba. Kamfani kuwa ya dage cewa mun riga mun yi karo kafin direbansu ya iso.

Ni ban tuna ba. Ni da nake rubuta abin da ya faru kowace rana, wannan yammaci babu shi a kaina. Ina tuna rami, ina tuna kaina a tsaye bakin titi ina neman takalmi. Tsakani babu.

Lauya ya ce, "Ka ce na baya kawai, ai shi ne gaskiya."

Na ce, "Wataƙila. Amma rantsuwa za a ba ni."

Na rasa sukuni. In zauna in tashi. In rufe ido in ji bugu daga baya, an jima in ji daga gaba. Na fara zargin kaina: ko don ina son a biya mini magani ne nake jin na baya?

Malam Bala ya zo dubiya. Ya rame. Bai roƙe ni komai ba, sai da zai tafi ya ce, "Malam, yara sun bar makaranta. Ni dai na san na tsaya." Shi ne ya tuna da wata tsohuwa mai daddawa da ke zaune bayana.

Na sake hawa hanyar nan da wuya a ɗaure, ina riƙe da kujera har Tsafe. Ɗan kamashon tasha ya san ta, Inna Kulu. Na same ta a ƙofar gida.

Ta dube ni ta yi dariya. "Kai ne mai neman takalmi! Mi kake son ji? Direba ya tsaya cak, bai taɓa ta gaba ba. Yac ce alhamdu lillahi, kai ko kac ce mai, sannu direba. Bakinka bai ruhe ba anka dako mu."

Na ce, "Inna, kin tabbata?"

"Ɗan nan, wuyanka ag goce, ba kunnena ba."

Ta zo Gusau ta maimaita a gaban 'yan sanda da wakilin kamfani, ba ta canza ko kalma ba. Ni da aka tambaye ni, na ce ban tuna ba. Kamfani ya karɓi alhaki, aka yi sulhu.

Gashi ya yi, ba a yi aiki ba. Ƙaramin yatsa har yanzu yana tsami in an yi sanyi, amma ga shi ina rubutu.

Na gode wa Allah, na gode wa Hadiza da masu gashi da Inna Kulu. Ku kuma, in haɗari ya same ku, ku je asibiti a ranar ko da kun tashi da ƙafarku. A ɗauki hoto kafin a ture mota. Ku karɓi lambar na kusa da ku, saboda ƙwaƙwalwarku za ta iya yin shiru.

Makon jiya na tarar da Malam Bala a tasha yana lodi a motarsa. Ya buɗe mini gaba, ya ce, "Bismillah, kujerarka."

Na ce, "Sa ni a baya."