Nande Biring, Mai Tsaron Ƙofar Kabejin Berastagi

Kafin hazo ya ɗaga daga kan gonakin Berastagi, Nande Biring ta riga ta share rumfar tantance kaya, ta dama farar ƙasa a tsohon bokitinta, ta zauna kan guntun benci da wuƙa a hannu da ganyen siri, wanda ake taunawa a nan kamar goro, a kumatu. Ainihin sunanta Ukurta, 'yar zuriyar Sembiring, amma kowa a nan Nande Biring yake ce mata, wato uwarmu ta gidan Sembiring. Manoma na sauke kwanduna, ita kuma tana ɗaukar kabeji ɗaya bayan ɗaya. Ta juya shi, ta ɓare ganyen waje, ta sunsuna, ta datse gindin, ta shafa masa farar ƙasa don kada ya ruɓe a hanya. Wanda ya wuce hannunta shi ke shiga mota zuwa tashar jiragen ruwa ta Belawan, daga can ya haye teku zuwa kasuwannin tsibirin Singafo. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aiki, kuma a ƙarshen watan nan za ta ajiye wuƙa.

Masu cin miyar kabejin a can tsibiri ba su san da ita ba. Mu da muka gani mun sani.

Akwai shekarar da 'yan kasuwar tsibirin suka daina karɓar kayan ƙungiyarmu, saboda an gwada wani lodi an tarar da ragowar maganin ƙwari. Wata bakwai kabeji na ruɓewa a bakin gona, har shanu suka gaji da shi. Da ƙyar Tarigan, shugaban ƙungiyar manoma, ya roƙo aka yarda a karɓi kwantena ɗaya ta gwaji. Idan ta tsallake, hanya ta buɗe. Idan ba ta tsallake ba, sai dai mu manta da teku. Aka sa doka: duk wanda ya yi feshi, sai ya jira kwana goma sha huɗu kafin ya yanka.

Ranar lodi, sai ga yayanta Terkelin da kabeji kwando arba'in, manya, tas da su, ba ko ƙofar tsutsa. Ta ɗauki ɗaya ta buɗe ganyen ciki, ta daɗe tana kallo. Ranar Alhamis da ta wuce ta gan shi daga kan hanya da tankin feshi a bayansa, kuma ga shi hancinta ya tabbatar mata.

"Yaya, wannan ba zai hau mota ba," in ji ta a hankali.

Ya yi dariya. "Ke Ukurta, yaushe hancinki ya zama asibiti? Wanke shi kawai a wuce wurin."

"Kwana biyar ne da feshinka. Na gan ka."

"Ni kika gani? Ni da na goya ki zuwa makaranta? To kwando arba'in cikin ɗari shida, wa zai lura?"

Tarigan ya matso yana sosa ƙeya. "Nande, ko a cusa su can ƙarshen kwantena? Ba kowane kwando suke buɗewa ba."

Ta tofar da sirinta, ta dube shi. "In suka buɗe wannan fa? Kai za ka bi gida tamanin na 'yan ƙungiya kana ba da haƙuri?"

Terkelin ya kwashe kayansa da kansa, bai bari kowa ya taya shi ba.

Ta san abin da ta taɓo. Saura wata biyu bikin 'yarta, kuma a wurinmu ba a ɗaura wa yarinya aure kawunta na wajen uwa bai zauna ya sa albarka ba. Ta dafa kaza ta kai gidansa, matarsa ta karɓa a bakin ƙofa, shi bai fito ba. Ta koma sau uku. Dole aka ɗaga bikin. A gida 'yarta ta yi ta kuka, a kasuwa ana nuna ta da baki, wai ta fifita baƙin da ba ta taɓa gani ba a kan jininta. Ba ta taɓa mayar wa kowa magana ba. Pinta, wadda ke aiki a gefenta, ta ce wata rana ta ji ta tana faɗi, kamar da kabejin take yi: "Can ma uwa ce za ta dafa wa 'ya'yanta."

Kwantenar ta tsallake gwaji. Bayanta wata ta bi, sannan wata. Da shekara ta zagayo, 'yan kasuwar tsibirin Penang suka zo da ƙafarsu suna neman kabeji da dankali da karas, suka ce sun ji kayan wannan rumfa ba a mayar da su. Mota ɗaya a mako ta zama biyar. Matasan da suka tafi birnin Medan neman aiki suka fara dawowa gonakin iyayensu.

Shi kuwa Terkelin sai bayan wata goma sha ɗaya ya sake taka rumfar. Ya dire kwando ɗaya a gabanta, fuska a ɗaure.

"Kwana goma sha shida. In kin ga dama ki ƙirga."

Ta ɗauka, ta ɓare, ta sunsuna, ba ta rage masa komai daga abin da take yi wa kowa ba. Sannan ta shafa farar ƙasa ta miƙa wa masu lodi.

"Ka ci abinci kuwa, Yaya?"

"Ina na ci? Wa ya ba ni?"

A wata na gaba aka yi bikin, shi ne ma ya fi kowa daɗewa a filin rawa.

Nande, ke ce kika riƙe ƙofar nan lokacin da manya suka so a kau da kai. Ke ce kika biya da kwanciyar hankalin gidanki, ba ki taɓa zuwa taro kin faɗa ba. Mata goma sha biyu da ke tantance kaya yau, duk a gefen bencinki suka koyi bambanta raɓa da ruwan magani. Mai hanci ɗaya, mai magana ɗaya.

Yanzu idonta ya fara gajiya, yatsun ma ba sa damƙe wuƙa kamar da. Ƙungiya ta ce za ta kai ta Singafo ta ga inda kayanta ke sauka, don ko bakin teku ba ta taɓa zuwa ba. Ta girgiza kai.

"Ni da wannan gwiwar? Ku je ku dai. Amma ku duba min, kada a ce a rana suke jibge shi."

Mun gode, Nande Biring. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da lafiyar jin daɗinsa. Ku kuma da za ku gaji bencin nan, da duk wanda aka damƙa wa wata ƙofa, ƙarama ko babba, ku kwana da sanin cewa ranarku na zuwa. Wanda zai tsaya a gabanku da kwandon da bai kamata ya wuce ba, ba baƙo zai kasance ba. Naku ne, kuma zai kira ku da sunan da ake kiran ku a gida.