Yadda Wasan Kano da Zazzau Ya Cinye Mana Filin Lilo

Malam Edita, sallama daga Jidda. Ina roƙonka kada ka wahalar da kanka wajen gyara mini rubutu, domin karatuna na allo ne, sai ɗan bokon da na tsinta a jikin kwalaye. In ka ga baƙi ya karkace, ba jahilci ne kaɗai ba, har da fushi. A lokacin da abin nan ya faru ni kafinta ne a wata tsohuwar unguwa da ke kudancin Jidda, jifa kaɗan daga unguwar Karantina. A Kano aka haife ni, amma a wuyan mahaifina na shigo ƙasar nan, ya zo aikin hajji ya ce bari ya ɗan huta kafin ya koma, har Allah ya karɓi abinsa yana hutawa. Abu biyu aka san ni da su a unguwa: lilo da baki. Babu ango ko mai jego ko liman da ya tsira daga harshena. In na shiga majalisa tun kafin in zauna an fara dariya, ni kuwa ina ɗauka wannan ɗaukaka ce. Ashe rami nake haƙa wa kaina, mutane suna ba ni aron shebur.

A tsakiyar unguwarmu akwai wani fili, Larabawa suna ce masa barha, mu kuma filin lilo. Tun kafin a haifi iyayen waɗanda ke taƙama da mota yanzu, a nan ake wasan sallah. Da azumi ya raba tsakiya nake fito da katakaina, in kafa manyan lilo masu igiya da mai akwatuna wanda ake juyawa da hannu. Ranar idi matanmu su jera tukwanen balila, dafaffen waken Larabawa na sayarwa, masu tsire su hura wuta, mai keken doki ya zaga da yara, samari su yi wasan sanda har ƙura ta tashi. Ɗan Bahaushe da ɗan Yaman da ɗan Habasha da ɗan ƙasa duk a katako ɗaya suke ihu, kuma ban taɓa tambayar yaro iƙamarsa, wato takardar izinin zama, kafin in tura shi sama ba. Wanda ba shi da ko sisi ya taya ni turi, sannan ya hau. Filin kuwa na wani dattijon Balarabe ne da ya bar wa unguwa ta yi amfani da shi, kuma ya bar wa 'ya'yansa wasiyya cewa kada su yi komai da wurin sai da yardar maƙwabta.

Da ya rasu sai ga wani kamfani yana neman hayar filin, wai zai gina gidan wasannin iyali. Iyali! To, kowa ya san a ƙasar nan ba a buɗe gidan caca da sunan caca, sai dai a ɗinka wa kura rigar akuya. An ce suna da irinsa a unguwar Bani Malik, na hau mota na je na gani da idona. Za ka sayi kati, ka goga a jikin na'ura, wani faifai mai fitilu ya yi ta juyawa, ko ya tsaya a kan waya sabuwa ko ya tsaya a kan babu, kuma duk tsayuwar da na yi a wurin a kan babu yake tsayawa. Na ga magidanci da gemunsa yana gumi a cikin sanyin na'ura, yana rantsuwa wannan ne na ƙarshe. Da na dawo na ba da labari, limaminmu ya ce ko da zinare aka rubuta sunansa caca ce. Mata suka tashi tsaye, suka ce in aka kafa wannan abin a ƙofar gidajensu kuɗin cefane ya ga ta kansa. Unguwa ta haɗu a kan baki ɗaya, abin da ban taɓa gani ba ko a kan ganin wata. Amsa ita ce a'a.

Sai dai mu ba mutanen da za su fito titi su ɗaga murya ba ne. Rabinmu iƙama ta mutu, wasu kafilinsu ma, ɗan ƙasar da ya tsaya musu, ya riga ta mutuwa, kowa yana tafiya a gefen bango. Makaminmu ɗaya ne, wasiyyar nan. Babban ɗan marigayin mutumin kirki ne, ya aiko cewa ba zai sa hannu ba sai ya ji daga bakin dattawan unguwa, a gaban wakilin kamfani. Aka zauna a masallaci bayan la'asar domin a zaɓi mai magana. Wannan ya ce haƙorinsa na ciwo, wancan ya ce Larabcinsa na kasuwa ne. Sai duk suka juyo gare ni, wai ni ne mai baki, ni ne takarduna ke da rai, kuma lilon ma nawa ne. Maimakon in ce a nemi mai nauyin fuska, sai na gyara zama na ce su kwantar da hankalinsu, zan yi wa mutumin nan wankin babban bargo. Matata ce kaɗai ta ce da ni in na je in bar hauka a gida. Na ce mata ai ita na aura, ta ga kuwa ba a barin hauka a gida sai da dalili. Ko murmushi ba ta yi ba.

Ranar da aka sa, bayan azahar, na sa farar riga da hular da nake ji da ita, muka tafi majalisar magajin filin. An zuba gahawa da dabino, ana jiran wakili, sai ga shi ya shigo, baƙi kamar ni, da kwat da tabarau. Injiniya ne ɗan Najeriya da ya zo da kwantiragi. Ya durƙusa ya gaishe mu da Hausa garau, har na ji sanyi a raina, na ce ashe ɗan gida ne, aiki ya zo da sauƙi. Sai ya tambaye ni baba daga wane gari. Na buga ƙirji na ce Kano, ko da me ka zo an fi ka. Wallahi Malam Edita na ga lokacin da idonsa ya yi haske kamar na kyanwar da ta ji motsin ɓera. Ya miƙe ya tafa hannu, ya ce Allahu akbar, ashe bawansa ne ya gudo har Jidda, shi Bazazzage ne gaba da baya, shekara da shekaru suna nemana. Ya ce da ma ya san babu mai hana a gina abu a fili sai Bakano, domin yana tsoron a raba shi da wurin sayar da gurasa.

Kai ka san abin da ke tsakanin Kano da Zazzau. Ba a fushi, ba a kai ƙara, kuma ba a yin shiru. In ya jefe ka dole ka rama, in ba haka ba ka zubar da garinku. Ni kuwa da aka gina ni a kan wannan, ina zan iya haɗiyewa? Kafin hankalina ya iso, bakina ya riga ya tafi. Na ce da shi yaushe aka fara ba 'yan fate fasfo, kuma ya yi a hankali da gahawar nan, ba a zuba mata yakuwa. Dattawan da na zo da su suka fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya rama, na rama. Can na tuna abin da ya kawo ni, na murtuke fuska na ce masa wasa ya ƙare, gidan cacarsu ba ma so, su kwashe tsiyarsu su kai gaba. Sai ya ƙara ƙyalƙyalewa, ya ce ku ji bawa yana ba ubangidansa umarni. Na ce wallahi da gaske nake. Ya ce ai Bakano bai taɓa yin gaske ba sai a kan canji. Ya miƙo hannu ya cire mini hula a gaban jama'a, ya ɗora a kansa, ya rungumo wuyana, wani yaronsa ya ɗaga waya ya ɗauke mu hoto. A hoton nan bakina a buɗe yake. Zagi nake yi, amma duk wanda ya gani zai rantse dariya ce.

Duk wannan magajin yana zaune yana kallo, ba ya jin Hausa ko ta sannu. Na juya gare shi da Larabci, na ce ya shaikh, unguwa ba ta yarda ba, wannan abu caca ne, kuma wasiyyar mahaifinka tana wuyanka. Sai injiniyan ya tare shi cikin ladabi, ya ce kada ya damu, wata al'ada ce tsakanin garinsu da garina, in ɗaya ya ga ɗaya dole ya zage shi ya ƙi duk abin da ya kawo, kuma iyakar zafin zagin iyakar ƙaunar. Magajin ya dubi dattawanmu ya tambaye su ko gaskiya ne akwai wannan al'ada. Nan ne inda har gobe ban yafe musu ba. Suka ce gaskiya ne. To ai gaskiyar ce! Amma babu wanda ya ƙara da cewa yau kam ba ita ake yi ba. Ɗaya yana kallon silin, ɗaya yana tsotsar ƙwallon dabino kamar a kansa aka aiko shi, kowa yana tuna matacciyar iƙamar da ke aljihunsa. Shi kuma magajin ya san ni tun yana yaro, ni na sha tura shi a lilo ina ce masa ɗan tsako. Ya yi murmushi ya ce baffan nan nasa ba ya canzawa, shi ke nan, tunda ga dariya ga runguma Allah ya sa albarka. Aka shigo da faranti na shinkafa da nama, waɗanda suka kasa buɗe baki domin unguwa suka buɗe shi har kunne.

Washegari na koma gidan magajin ni kaɗai, aka ce ya sa hannu tun da safe ya yi tafiya. Kafin in dawo hoton ya zaga wayoyin unguwa. Injiniyan kuma ya aiko mini da sabuwar hula a leda, wai ta bawa ce, ya riƙe tawa. Sai labari ya zama na sayar da filin lilo a kan hula. Matan da nake tura 'ya'yansu sama tun suna goye suka daina amsa gaisuwata. Wata mai balila, wadda da kuɗin sallar nan take yi wa marayunta ɗinki, ta tsaya a ƙofar shagona ta ce Allah ya isa tsakaninta da haƙorana. Dattawan da suka yi shiru kuwa su ne suka fi kowa girgiza kai a masallaci, wai da ma sun san ba a aiken mahaukaci. Matata kuwa ta ɗauki sabuwar hular ta riƙa sauke tukunya da ita.

Aka kewaye fili da kwano, aka zuba siminti a inda ramukan turakuna suke. Sallar da ta biyo baya katakaina suna jingine a bayan shago, yara suna zuwa suna tambayata yaushe za a kafa, ni da ba a taɓa rasa magana a bakina ba ina ce musu su tambayi iyayensu. Gidan wasan ya buɗe da fitilu kamar ana biki, kuma abin da matan suka faɗa bai faɗi ƙasa ba. Na san gidan da aka nemi tukunyar gas aka rasa, na san direban da matarsa ta yi yaji saboda faifan nan. Daga baya hukuma ta gane abin da ake yi a ciki ta garƙame shi, amma siminti ba ya komawa ƙasa don an rufe ƙofa. Ana nan kuma rusau ya zo ya haɗa da mai gaskiya da marar gaskiya, kowa ya kama gabansa. Ni yanzu ina unguwar Khumra a bayan wani sito, lilon kuwa na yanka shi na yi wa mutane benci.

Bara na haɗu da injiniyan a wani ɗaurin aure. Ya hango ni ya taho da hannu a buɗe, yana kiran ina bawansa, ina gurasa. Jama'a suka juyo suna jiran in rama. Na miƙe da ƙyar, na rusuna, na ce masa ranka ya daɗe injiniya, ina gajiya, ina iyali, Allah ya ƙara girma. Ya sake jefowa, na sake gaishe shi kamar baƙon da ban taɓa gani ba. Dariyar ta bushe a fuskarsa, ya tsaya yana gyara tabarau, domin shi ma ɗan Hausa ne, ya san abin da ake nufi in abokin wasa ya ba ka girma. Wannan ce kaɗai ramuwar da na samu, kuma ba ta dawo da ko igiya ɗaya ba.

Ba na zagin wasan kakanni, shi ya hana garuruwa da yawa faɗa. Ina zagin wanda ya mai da shi mabuɗin sata, da waɗanda suka ga ana sata suka ce al'ada ce. Ni ma na koyi cewa wargi wuri gare shi, kuma mutumin da ya shekara yana ba mutane dariya, ranar da zai yi kuka ma dariyar za su yi. Don haka ku 'yan'uwana mazauna ƙasar mutane, in unguwa za ta ce a'a, kada ku aiki mai baki, ku aiki mai fuskar shanu wanda ko jikansa ba ya wasa da shi. Ku faɗi a'ar da harshen da mai yanke hukunci yake ji, tun kafin a zuba gahawa, kuma ku faɗa tare, kada ku bar mutum ɗaya yana ihu kuna tsotsar dabino. In kuwa wanda ya zo karɓe muku wuri ya fara da tambayar garinku, ku riƙe hulunanku da hannu biyu, ku ce masa ku 'yan unguwar nan ne.