Fasinjojin da ba su zuwa ko'ina

Na shigo tashar Agiye a guje, ina saurin zuwa sunan ɗan ƙanwata a Cadawa. Na hango mota ta kusa cika, na yi wuf na shige.

Shiru ba mu tashi ba. Kuma duk fasinjan da ya shigo, sai wani ya sulale ya sauka.

Na tambayi dattijon da ke kusa da ni, "Baba, ina za ka?"

Ya ce, "Ba inda za ni, ɗana. Direba ya zaunar da mu don masu gaggawa irinka."

Ko da na isa, har an watse, kan rago kawai na tarar.

Jama'a, ni kaɗai aka taɓa yi wa wannan tarko?