Koren Kafet a Jirgin Baba Sale

Shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar surukina Baba Sale, masunci a Mawrada ta Omdurman, jikan alhazan da suka taso daga Haɗeja suka yada zango a bakin Nilu. Allah Ya jiƙansa.

Na zo Khartoum karatu a farkon mulkin soja, ɗan Kano wanda bai san ruwa ba sai na randa. Na shiga neman Hawa 'yar Baba Sale, kuma ba ni kaɗai ba ne. Akwai ɗan ƙanensa, masunci ɗan masunci, dangi duk suna bayansa. Ni kuwa sai littattafai da dogon Larabci. Da na ji Baba ya sabunta katakon cikin jirginsa saura shimfiɗa, sai na ce ga dama ta samu. Na tafi kasuwar Suk Libya na zaɓo koren kafet mai laushi irin na masallaci, na aika masa gida a Alsawra.

Rashin sani ya fi dare duhu. Ashe masunta tabarmar kaba suke shimfiɗawa, wadda suke kira birish: ruwa ya bi ta ya wuce, a kakkaɓe ɓawon kifi, a shanya. Kafet kuwa shan ruwa yake ya riƙe, ya yi ƙarni, ya ruɓar da katako. Baba ya san wannan sarai, amma uban yarinya ya mayar da kyautar mai nema daidai yake da ya ce a'a. Sai ya shimfiɗa. Wata uku yana fita da shi, kullum ya dawo ya ɗaga, ya wanke, ya shanya, abokansa suna tsokanarsa wai limamin kogi.

Hawa ce ta tsegunta mini. Na je bakin ruwa ina ba shi haƙuri, kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya yi murmushi ya ce, "Ya waladi, kafet ɗinka kuwayyis, mai kyau ne, jirgin ne bai yi karatu ba." Ya ja ni wurin mata masu saƙa ya nuna mini yadda ake zaɓe: a zuba ruwa a ga ko zai wuce, a taka da jiƙaƙƙiyar ƙafa a ji ko da santsi, a lanƙwasa a ga ko kabar za ta karye.

Yau jiragen ƙarfe sun yawaita a Mawrada, da shimfiɗar roba mai ramuka. Da Baba yana raye ya gani, sai ya taka tukuna kafin ya yi magana, in ta yi ya yaba, don ba ya gaba da sabon abu. Abin da zai ɓata masa rai shi ne yadda yanzu muke gyara wa mutum kuskure a bainar jama'a, da ɗaga murya.

Sai bayan rasuwarsa ɗan ƙanen nan nasa ya gaya mini katako biyu kafet ɗina ya cinye, Baba ya sake su. A lokacin dangi suka ce ga shaida nan, baƙo bai san komai ba. Baba kuwa ya ce jahilcin ruwa ana koya wa mutum, amma wanda ya tako da ƙafarsa ya amsa laifinsa, shi ake ba 'ya.

Jirgin ya daɗe da zama itacen wuta. Amma alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ina kewarsa ƙwarai. Ya rufa mini asiri tun ban san asirina a buɗe yake ba, ya kuma tafi bai ba ni damar yi masa godiya ba.