Lakar da na shafa a gaba

Ko gemuna zai yi fari fat, ba zan manta da dogon hutun da muka yi ina aji biyar a sakandare a Keffi ba. A lokacin ina cikin 'yan gudun dogon zango na makarantarmu, irin gudun da ake ratsa gonaki da kwari. Malamin wasanni ya tara mu ranar da za a ba da hutu, ya ce da an dawo zai zaɓi mutum shida ya kai su gasa Lafiya, kowa da sabon takalmin kambas. Ni kuwa ban taɓa wuce Garaku ba, don haka tafiyar nan ta shiga raina ƙwarai.

Malam ya san halinmu sarai. Ya ce kullum da sassafe mu tashi daga unguwar Tudun Ƙofa mu bi hanyar Garaku, har wata mararraba inda yayarsa ke tuyar ƙosai. Duk wanda ya isa, za ta ba shi murfin kwalba mai jan fenti. Murafen su ne shaidar ka yi atisaye.

Kwana uku na yi da gaskiya. A na huɗu cinyoyina suka ce ba su san zancen ba. Ina ɗingishi sai ga a-kori-kurar kawuna, wanda ke zuwa ɗaukar doya ta wannan hanya. Ya ce, “Kai, wa ya biyo ka? Hau mana!” Na hau. Daga ranar na samu sana'a: in kwanta a bayan mota in wuce abokaina suna haki, in sauka kafin mararraba, in yayyafa ruwa a riga. Da yake damina ce, sai in ɗebi jar laka in shafa a ƙaurina da gwiwoyina, in ƙarasa wurin Mama mai ƙosai ina nishi kamar zan mutu.

Takan kalle ni daga sama har ƙasa ta ce, “Sannu ɗana, kullum kai ne na farko. Allah ya ƙara ƙarfi.” Sai ta miƙo murfi, har da ƙosai biyu. Ni a wautata na ɗauka sona take yi.

Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne tsiyar da na riƙa yi wa abokina, wani ɗan ƙabilar Mada da muke benci ɗaya. Shi ne kullum na ƙarshe. In ya iso yana jan ƙafa, sai in ce, “Mutumina, ko in goya ka ne?” Ko numfashin faɗa ba shi da shi.

Aka koma makaranta, ranar zaɓe ta zo. Na zube murafena a gaban malam, na fi kowa, don ni kaɗai ban taɓa fashi ba. Ya ce a yi mini tafi, sannan ya ce, “Tunda ka fi kowa ƙoƙari, yau kai za ka ja gaba. Kowa ya bi takunsa.” Na daure na yi murmushi.

Na fita a guje don kada a raina ni. Kafin mu bar gari ƙirjina ya fara wuta. A hawan farko na hanyar Garaku aka soma wuce ni ɗaya bayan ɗaya, har abokin nan nawa, yana tafiya a natse. Da ya zo daidai ni ya ce, “Ko in goya ka ne?” Ya wuce abinsa.

Na durƙushe a bakin hanya ina amai, malam ya tsayar da babur ɗinsa a kaina. Daidai nan, don tsautsayi, sai ga kawu. Ya danna hon, ya leƙo da fara'arsa ya ce, “Yau ba ka hawa ne? Tun ɗazu nake dubanka a inda ka saba tsayawa!”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Malam ko gezau. Ya gaida kawu da ladabi, ya juyo gare ni ya ce, “Tun satin farko yayata ta gaya mini. Ta ce duk yaran laka a bayansu take, daga dunduniya har ƙeya, domin ta haka take fallatsa wa mai gudu. Kai kaɗai ne taka take gaba, bayanka fes.”

Ban je Lafiya ba. Abokina ya je, ya dawo da kambas fari tas, kuma sai da ya tabbatar ya ɗora ƙafarsa kan bencinmu na gani. Ranar da motarsu ta tashi na ɓuya bayan aji na yi kuka sosai, ba na jin haushin kowa sai kaina.

Har yau akwai murfi ɗaya a cikin durowata. Duk sanda na ji ina neman hanyar da zan nuna na yi aiki ba tare da na yi shi ba, nakan ɗauko shi in duba. Na koyi cewa ana iya tara shaidar wahala ta ƙarya, amma ranar da aka ce tashi ka yi, abin da ƙafarka ta taka da gaske shi kaɗai zai ɗauke ka.